Ranar da Ya Kellu Ta Kife Kasko

Duk wanda ya zauna unguwar Gwange ya san Ya Kellu mai turaren wuta. Ko bai san fuskarta ba ya san ƙamshinta, don in ta bi ta lungu sai ta yi nisa ƙamshin yana nan bai tafi ba. Wurin kakarta ta koyi sana'ar, tun tana ƙarama ake sa ta dakan kajiji. Da mijinta ya rasu, da kwalaben turaren nan ta riƙe kanta har ta aurar da 'ya'yanta, ba ta je ƙofar kowa da kuka ba. Doguwa ce, ga baki, ko a gidan makoki ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba.

Ciki da falo take haya a gidan Alhaji Ba'ana. Shekarar da ruwan madatsar Alau ya ci gari, ya shiga ɗakin har ƙugu. Ruwa ya janye, jama'a suka koma, amma bangonta ya ƙi bushewa. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, baƙar fumfuna ta hau har gindin taga. Ta kankare, ta wanke da ruwan zafi, ta bar taga a buɗe. Damina na dawowa fumfuna ta dawo, har da 'yan rakiya.

Laffayoyinta da suka yi tabo ba su dame ta ba. Itacen turaren ne ya fara shan danshi. Wata uwar amarya daga Ajilari ta dawo mata da kwalba, tana sunkuyar da kai ta ce, "Ya Kellu, wannan karon akwai wani wari-wari a ƙasan ƙamshin." Kellu ta shinshina, ta ji gaskiya ne. Ranar ta yi kuka, kukan haushi, don in sunanta ya ɓaci a gidajen biki ta gama yawo.

Ba wai ba ta gaya wa Alhaji ba. Ta gaya masa, ya kuma zo, ba sau ɗaya ba. To amma wace 'yar Barno ce za a ce mata baƙo na tafe ta bar ɗakinta haka? Da ta ji yana hanya sai ta share, ta ja labule kan bangon, ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa turarenta mafi kyau. Alhaji ya shigo ya zauna yana lumshe ido.

"Ya Kellu, nan ne ake cewa yana wari? Wallahi ya fi ɗakina ƙamshi." In ta ɗaga masa gefen labule ya leƙa, sai ya ce ɗan fenti ne, a bari rani ya yi.

Maƙwabciyarta Rose ce ta fasa mata ƙwai. "Ya Kellu, ke kike ɓoye masa laifinsa. Kullum yana zuwa kina yi masa hayaƙi, me zai ji?"

Abin ya yi wa Kellu ciwo saboda gaskiya ne.

Ta sake aika wa Alhaji. Tun safe ta cire labule, ta kulle taga, ta kife kasko a tsakiyar ɗaki. Kunya kamar ta nutse, don tun da take baƙo bai taɓa shigo mata babu turare ba. Ta dake. Da ya zo, ta shimfiɗa masa darduma jikin bangon, ta mayar da ƙofa.

"Wushe, Alhaji, wushe. Ya gida? Ya Hajiya? Ya yara? Ya kasuwa?"

Ta ja gaisuwar nan har kan jikoki da surukai, ta dawo ta sake daga farko. Alhaji yana amsawa yana yamutsa fuska. Ya yi atishawa, ya sake. Ya jingina, ya ji sanyi ya ratsa masa riga, ya waiga ya ga bayan farar babbar rigarsa ya yi baƙi.

"Haba Ya Kellu, ɗan sa mana turare mana. Wannan wane irin wari ne?"

"Naka ne, Alhaji."

Ya ɓata rai. "In ɗakin bai yi miki ba, akwai masu nema."

"Su zo, ni zan nuna musu bangon da kaina. Ɗakin naka ne, warin ma naka ne. Turaren ne kawai nawa, na kuma ɗauke abina."

Ya fita bai yi sallama ba. Kellu ta kwashe itacenta ta kai ɗakin Rose ajiya, ta zauna jiran ko magini ko sammaci, duk wanda ya riga zuwa.

Magini ne ya zo. Ya fasa filastar, ya haƙa magudana a bayan ɗakin, ya yi sabon yaɓe. Alhaji ya biyo baya duba aiki, ya zauna yana waige-waige, hancinsa na neman abin da ya saba. Kaskon yana nan a kife.

"Ai an gyara, Ya Kellu."

Ta miƙe ta ɗora tafin hannu a bangon, ta daɗe, sannan ta goge a laffayarta.

"Sai ya bushe," in ji ta.