Cinyar Iya

Shekarar da aka sako Yaya daga kurkuku, rago ɗaya muka yanka a Babbar Sallah, shi ma ramamme. An kama Yaya ne bayan faɗan kasuwa da Yarabawa, da ya bi samarin unguwa ramuwar gayya don an ƙona rumfar tumatir ɗinmu. Ya dawo ba ƙiba, ba magana. Kafin nan ƙanena ya gaji gurbinsa a bencin samarin da ke bakin layi. Har Yarabanci ya daina yi, yaron da aka yanke wa cibi a Agege. Wuƙa yake sokewa a ƙugu kafin ya fita. Umma kullum kunnenta na ƙofa, ni kuwa na gaji da lallashi.

Kowace Sallah cinya guda ta Iya ce, Bayarabiyar da muke haya a gidanta, kuma ba ta taɓa maido mana da faranti haka nan ba. Umma na ɗora cinyar a faranti, ƙanena ya dafe.

"Ko ƙashi ba za a kai wa mutanen nan ba."

"Waɗanne mutanen?" na ce. "Wadda ta goya ka har ka yi mata fitsari a zane?"

"Ke dai 'yar boko ce kawai."

Yaya ya ajiye tsiren da yake sokewa. "Ogan da ya tura mu ko lemo bai aiko min ba. Wanda ya riƙa jiƙa min gari a can Bayarabe ne, kuma a faɗan nan aka kamo shi. Ɗauki mu je."

Ya ƙi. Yaya ya ɗauka da kansa. Iya na zaune a ƙofar gida, 'yan benci na kallo, ya kwanta rubda-ciki ya gaishe ta yadda 'ya'yanta ke yi. Muka ji ihun dariya daga bakin layi.

Faranti ya dawo da faten doya, manja na ƙyalli. Ƙanena ya ce Allah ya kiyaye.

Bayan la'asar na same shi a bayan randa yana suɗe hannu. Washegari ya fita kamar kullum, amma ba a jima ba ya dawo, wai sun ce ƙanen mai kwanciya ba shi da wuri a benci. Wuƙar, Umma ta karɓa. Da ita muka yanka albasa har ta dushe.