Uwani Mai Yaɓe da Ɗakunan Bayan Tasha

Tun Uwani tana budurwa aka san hannunta da yaɓe a Tajaye. Wurin kakarta ta koya yadda ake tankaɗe jar ƙasa, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi duhu, sannan a shafe bango da tafin hannu ya yi sumul kamar cikin ƙwarya. A da, ba a jera wa amarya ɗaki a unguwarsu sai Uwani ta shiga ta fito. Daga baya siminti ya yawaita, kowa ya koma son bulo da shuɗin fenti, aka daina aiko mata.

Mijinta Illo ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Chindo, mai zuwa ci-rani Abijan. Duk dawowa sai ya ce, “Inna, baɗi zan rushe ɗakin ƙasar nan in yi miki na bulo.” A tafiyarsa ta huɗu zazzaɓi ya kama shi can. Abokansa suka dawo da jakarsa kaɗai. Uwani ta rataye ta a ƙusa, ba ta taɓa buɗewa ba.

Shekara uku bayan haka wata malamar lakwal, wato makarantar boko, mai suna Muhsina, ta zo daga Birnin Ƙonni tana nemanta. Ta gaji ɗaki biyu da falo a wani tsohon gini bayan tasha, inda mahaifinta mai motocin haya ya zauna har ya rasu. Ta fitar da manyan kujeru da kabad da labule masu nauyi. Ba ta son komai sai bango mai launin ƙasa, da tabarma, da ƙaramin gado, da kanta guda ta littattafai. Masu fenti sun gwada sau biyu, abin yana fitowa da ƙyalli kamar kwano.

Ta nuna wa Uwani hoton irin ɗakin da take so a waya. Uwani ta daɗe tana dubawa.

“Ɗiyata, wasa kike da ni? Wanga ai ɗakin talaka ne.”

“Wallahi Inna, shi nake so. An ce babu mai yi kamar ke.”

Uwani ta ce gaɓoɓin hannunta sun fara ciwo, kuma damina ta kama, ƙasa ba ta saurin bushewa. Muhsina ta ce hutun lakwal ne kawai lokacin da take da shi. Washegari Uwani ta ɗaura mayafi, ta saƙala ƙofarta, ta bi ta.

An kankare tsohon koren fentin, aka sassare simintin don ƙasa ta kama. Amalanke ya kawo jar ƙasa daga bayan gari. Uwani ta ƙi cokalin magina, ta ce bai jin inda bango ke da rami. Da hannu take shafawa, ta ja baya ta duba, ta sake. Da yamma yatsunta ba sa lanƙwasuwa, Muhsina ke dafa ruwa ta gasa mata. A irin wannan zaman ne Uwani ta ba ta labarin Chindo, yadda yana yaro yake bin ta gidan aiki ya manna hannunsa a ɗanyen bango, ta kore shi tana dariya.

Aikin mako guda aka tsara, amma saboda laimar damina ya kai kwana goma sha shida. Ranar da aka gama, hasken la'asar ya shigo ta taga ya faɗa kan bangon, ɗakin ya yi ja-ja kamar gurasa ta fito daga tanderu. Muhsina ta shimfiɗa tabarma, suka zauna suna kallon bangon.

Suna nan wayar Muhsina ta yi ƙara. Abarshi ne, ƙanen Uwani. Ya ce ruwan shekaranjiya ya ci gindin ɗakin Uwani, bangon gabas ya zube, rufin ya biyo shi. Duk damina Uwani kan tashi da farar safiya ta buɗe wa ruwa hanya, ta toshe inda ya tsage. Bana ba ta nan.

“Jakar fa?” abin da Uwani ta fara tambaya ke nan da ta karɓi wayar.

An tono ta, in ji shi, amma laka ta shige ta. Riguna biyu ne a ciki da wani zane sabo, duk sun lalace.

Uwani ta sa mayafi ta rufe fuskarta. Muhsina tana kuka tana cewa ita ce sanadi, ta roƙe ta ta zauna a ɗaya ɗakin har abin da Allah ya yi.

“Ba ke kika yi ruwan ba,” in ji Uwani. “Bari in je in gani da idona.”

Abarshi ya ba ta wuri a gidansa, ɗaki guda da jikokinsa. Da kaka ta tara ƙasa don ta sake gini, hannun ya ƙi. Ko faifai ba ta iya riƙewa da kyau.

A Ƙonni kuwa ƙawayen Muhsina suna shiga su shafa bangon, su tambayi wanda ya yi. Mata uku suka ce a kawo musu ita. Muhsina ta koma Tajaye da saƙon, ta tarar da ita zaune a inuwar rumbu. Uwani ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗaga kumburarrun yatsunta.

“Ki ce musu sun makara. In akwai mai son koyo, ta zo, bakina na aiki.”

Muhsina ta faɗa a wurare da yawa, ba wadda ta je. Uwani ta rasu da bazara, kafin ruwan farko. Saƙon bai isa Ƙonni ba sai bayan sadakar uku, ranar Muhsina tana aji.