Wasila, Wadda Ta Buɗe Bayan Rediyo

Kafin hantsi Malama Wasila ta bar Gusau. Jaka a kafaɗa, rikoda a ciki, yau motar Tsafe, gobe ta Bungudu, inda mota ta ƙare ta hau kabu-kabu. Aikinta a gidan rediyo tambaya ce: wa ke saurare, mi yake saurare. Tun muna ƙarƙashin Sakkwato take wagga yawo, ba a taɓa jin sunanta a akwatin ba ko sau ɗaya.

Shekara guda bayan an ba mu jiha, manyan gidan sunka ce za a soke shirin mata na hantsi, mai zancen awon ciki da rainon yara. Dalili, wai mata ba su aiko wasiƙa. Sai ka ce mu anka kai makarantar. An kuma tura samari da takardu, sunka tsaya a zaure sunka tambayi masu gida ko matansu na jin rediyo. Kowa ya ce ƙwarai. Takarda ta nuna muna da rediyo, shirin ne ba mu so.

Shugabanta, Malam Tukur, ya ba ta wata ɗaya ta kawo hujja, in babu a rufe.

Ta fara da Kwatarkwashi, gidan Labbo. Ina zaune a tsakar gidan muna ɓarar gyaɗa da matarsa Hafsatu. Ga rediyo can bisa jeren kwanoni, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado.

"Hafsatu, kina jin shirin mata?"

"Kullum, Malama."

Mu nan ba mu ba baƙo amsar da za ta ɓata mishi rai, Wasila kuwa ta san haka.

"To kunna mana, lokacinsa ya yi."

Nan take Hafsatu ta tuna tukunyarta na kan wuta. Wasila ta ɗauko rediyon, ta ji shi sakayau a hannu. Ta juya shi, ta buɗe baya. Wayam.

"Ina batir?"

"Ya tafi gona," in ji Hafsatu daga madafa. "A aljihun mai gida yake wuni. Wai zan cinye shi kafin labaran duniya."

Daga ranar Wasila ta daina tambaya, sai buɗe bayan rediyo. Kekun Waje haka, Tsafe haka. A rugage ma rediyon ɗungurungum ke tafiya kiwo a kafaɗa. Inda duk ta shiga sai ta kunna wa mata shirin a rikodarta, sannan ta ɗauki abin da sunka ce. Ashe bakinmu cike yake.

Ranar zama, Malam Tukur ya turo mata tarin takardu.

"Bincike ya riga ya nuna, Malama."

"Binciken iyakarsa zaure, ranka ya daɗe. Ga na cikin gida."

Ta danna kaset. Muryar Hafsatu ta cika ofishin: "A gaya wa masu shirin, in da gaske mu suke nema, su zo lokacin da batir ke gida."

An ce Malam Tukur ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ba a soke shirin ba. Anka ɗauke shi daga hantsi anka manna shi a gindin labaran yamma, babu ko numfashi a tsakani. Maraicen farko Labbo ya miƙa hannu zai kashe, sai ya ji an sa kaset ɗin nan, matarsa na magana a ciki. Hannun ya koma inda ya fito. Yanzu shi ke tuna mata ranar awo, yana cewa a kasuwa ya ji.

Wasila, bana za ki ajiye jaka ki huta. Ke ce kika san "kullum" ɗin mace ba kullum ba ne. Ke ce kunnen waɗanda ba su da alƙalami. Jarirai nawa anka haifa lafiya tsakanin Tsafe da Bungudu saboda shirin da kika hana mutuwa, Allah kaɗai ya sani, shi zai biya ki. Mun gode, ɗiyar albarka.

Ku kuma masu tasowa da za ku gaje ta, ku yi irin nata. Ku cire takalmi, ku zauna a tabarmarmu har mu gaji da yi muku kara. Gaskiyarmu tana fitowa, sai dai ba ta sauri.