Yadda Ciwon Ƙirji Ya Raba Mai Gawayi da Aikinta

A wani kamfanin haɗa magunguna, kowa Mai Gawayi yake ce mata, har manaja. Aikinta ne ya jawo mata sunan. Takan narka gishirin filatinam, wani ƙarfe mai daraja, ta jiƙa garin gawayi da ruwansa, ta sarrafa shi ya bushe. Idan aka barbaɗa ɗan baƙin garin nan a tukunyar haɗi, sinadaran da suka ƙi jituwa sai su haɗu kafin la'asar. Ta yi karatun kimiyya mai zurfi, amma mijinta, direban motar asibiti, yakan tsokane ta: "Duk bokon nan, ashe a gawayi za ki ƙare!"

Ta daɗe tana neman yadda garin zai jure maimaici, domin daga an yi aiki da shi kaɗan sai ƙarfinsa ya mutu. Tana dab da cin nasara atishawa ta fara damunta. Idanu suka yi ja, ƙirji yana fito kamar usur. A gida lafiya lau, da ta shiga ɗakin gwaji sai abin ya tashi. Wata safiya numfashinta ya sarƙe, ta zube a gaban ma'auni.

Likita bai ɓoye mata komai ba. "Baiwar Allah, jikinki ya ƙi gishirin nan. Ƙurarsa kaɗai za ta iya halaka ki."

"Ko da takunkumi, likita?"

"Ko da takunkumi."

A hanyar gida ta jingina kai da gilashin mota. Ranar mijin bai tsokane ta ba.

Kamfani ya mayar da ita ofis a bene. Abokan aikinta sai sun tuɓe rigunan gwaji, sun wanke hannu, kafin su hau wurinta. Daga kan kujerar nan take ce musu su rage wuta, ko su canza ruwan wanki, har aikin ya yi kyau. Ciwon kuwa bai sake ta ba, dole ta yi ritaya da wuri.

'Yarta ta taɓa tambayarta, "Umma, kin yi nadama?"

Ta shaƙi maganin fukarta, ta jira ƙirjin ya lafa.

"A'a. Abu ɗaya ke ci mini rai. Ranar da haɗin ya yi, ban gani da idona ba. Ihunsu na jiyo daga ƙasa."