Mai Auduga, Wanda Ya Hana Ni Allura

Jikata ce ke rubuta mini wannan, ni dai faɗa nake. Ran Laraba, sha biyu ga wata, ina tatsa aka ce ka rasu, Mai Auduga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe riƙe da ƙwarya ban san ina riƙe da ita ba.

Ka tuna shekarar da tari ya shiga maruƙana? Suka dinga faɗuwa, sai 'yar ja kaɗai ta rage, jikar saniyar da marigayi maigidana ya bar mini. Na kawo ta ɗakinku na gwajin cutar dabbobi tana numfashi kamar zugazugi, na ce ka yi mata allura. Ka ƙi. Ka ce in aka riga aka yi allura, ciwon ɓuya yake, ba a gane shi. Ka zura auduga a hancinta, ka shafa a wani ɗan faranti ja, ka rufe a akwati mai ɗumi. Na ce yau na ga likita mai shuka majina. Ka yi dariya.

"Iya, ba haka kike ajiye madara ta yi barci ba? To nawa ma sai ya kwana."

Da na dawo ka ɗora idona a kan madubinka mai ƙara wa abu girma. Wayyo, ɗan nan. Wasu ƙananan abubuwa na gani birjik cikin haske, kamar garke daga kan tudu da yamma. Har yau in na lumshe ido ina ganinsu, kai kuma kana can gefe da farar rigarka, kamar kana kiwonsu. A nan ka gane maganin da zai ci su, 'yar ja ta tashi.

Yanzu ita ma ta haihu. Jiya ɗan ya fara tari, mai sayar da magani ya zo da allurarsa, na ce ya mayar. Gobe zan kai shi ɗakin nan, ko wa na tarar a kujerarka, in ce a fara da auduga.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka kamar cikin madubin nan. Matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarka, Allah ya ba su haƙuri.

Ke, ajiye biron haka. Na gaji.