Ajin da Aka Bari Babu Kwano

Jiya da ruwan fari ya sauka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno mini da tsohon hedimastanmu na firamare a Ƙofar Dumi.

Wata shekara iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu, aji ɗaya da aji shida inda nake koyarwa. Abin da aka turo mana daga ofishin ilimi ba zai rufe duka biyun ba, sai ya zaɓi ya rufe na 'yan aji ɗaya. Na same shi a ofis raina a ɓace, yana kakkarya alli gida biyu kamar yadda ya saba kafin ya raba wa malamai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarana fa jarrabawa ce a gabansu!"

Bai ɗago ba, ya ce, "Malama, naki sun san gudu in hadari ya taso. Ƙananan nan tsayawa suke yi suna kuka."

Sai na lura garin alli ya ɓata masa bakin riga.

Yana jiran sauran kwanon har ya rasu. Yau ciyawa ce ta cika ajin nawa.

Ya Allah, Ka ba shi ɗakin da ba ya yoyo, inda ba za a sake ce masa ya zaɓa ba.