Shunin da Bai Wanku Ba

Gidanmu gidan rini ne. Tun ranar da aka kawo ni Ƙofar Mata ina amarya, ban taɓa ganin hannun mijina, Allah Ya jiƙansa, da launin da aka haife shi da shi ba. Shuni a farce, shuni a gemu, shuni har a bakin ƙwaryar da ya sha fura. A irin gidan nan ba a tambayar tabo a jikin yaro. Ka ga baƙi-baƙi a wuyansa, ka ce shuni ne, ka wuce.

Jikan nan nawa shi ne ɗan fari a wajen ɗana. Uwarsa jinin Fulani ce, kunyarta ta fi ta kowa a layinmu: ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Uban ma in zai aike shi, sai ya kalli bango ya ce a gaya wa yaron nan. Da aka yaye shi aka miƙo mini, a ɗakina ya girma. Ina ce masa Maigida, yana ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe. In ya taso daga makaranta ya ci abinci, aikinsa ya saɓa rinannun ƙyallaye a kafaɗa daga karofi, wajen ramukan rini, ya kai wa masu bugu su buga su yi sheƙi. Da yake ya ɗauko hasken uwarsa, shuni ya fi nunawa a jikinsa fiye da na kowa.

Ana nan, ana nan, shekarar da ya fara cika azuminsa, sai yaro ya sake. Ya daina tsokanata. Ya daina cire riga ko da zafi ya kai inda ya kai. Sannan ya sa ƙaninsa a gaba. Kuma ba irin dukan da yara suka saba ba ne, na mari da cizo a rabu. Sai ya jingina shi da bango, ya murɗe masa hannu ta baya, ya kai masa ƙafa a ciki, bakinsa yana yin ƙarar duka irin wadda ake ji a akwatin talabijin.

Kowa a gidan ya ce fim ne. Uwar ta ce fim ne, matan maƙwabta suka ce fim ne, har mai kawo mana ruwa ya sa baki. Ɗana ya kwance akwatin ya kai shagonsa na Ƙofar Wambai, ya je ya ja kunnen mai gidan kallo, ya hana kowa miƙa wa yaron waya. Ni ma ban taɓa yarda da akwatin nan ba. Abin da zai sa mutum ya mutu yau, gobe ka gan shi ya tashi yana rawa, ai ba abin amincewa ba ne. Na ce Allah Ya raka taki gona.

Akwati ya tafi, duka bai tafi ba. Nan zuciyata ta fara yi mini saƙe-saƙe. Yaran gidan da ke jikin namu tare suke kallo da jikana, ga su nan lafiya ƙalau. Shi kuwa na san shi, in aka nuna jini a cikin zanina yake ɓoye fuska. Na zargi malamin makarantarsu. Na zargi masu bugu. Na zargi mutanen ɓoye da ake cewa suna zaune a tsofaffin ramukan karofi, har na sa aka yi masa rubutu na turara masa hayaƙi. In na tambaye shi, ba ya wuce, "Ba komai, Iya."

Rannan sai ya fasa wa ɗan maƙwabta leɓe. Uwar yaron ta shigo ko sallama babu, ta tsaya a tsakar gidanmu ta ce mu sani muna kiwon ɗan daba. Maganar nan ta kai kunnen ɗana kafin ya ajiye takalminsa. Bai doki yaron ba, bai ma dube shi ba. Ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya ce ya yanke shawara: ranar Juma'a za a kai shi rugar kawunnansa, inda babu wuta babu akwati, ya zauna can har ya yi hankali. Na ce yaron da na tauna wa abinci da bakina? Ya ce in yi haƙuri, gara a raba shi da ni da a raba shi da mutunci.

Ban iya musa masa ba, don ba ni da abin da zan nuna.

Ana saura kwana biyu, na dubi wuyan yaron na ce ba zai je gaban kawunnansa kamar wanda aka tsamo daga rami ba. Rabona da yi masa wanka tun da ya fara jin shi babba ne. Na ɗauko soso da sabulun salo, na kama shi da ƙarfin tsufa, na goga wuyan. Sai ya zabura kamar na ɗora masa garwashi. Na dubi kumfar da ke hannuna. Duk matar marini ta san kumfar shuni shuɗiya take fita. Wannan fara ce fat.

Na ɗaga rigar. Kafaɗa, haƙarƙari, gadon baya, ko'ina jini ne ya kwanta, wani sabo, wani ya fara washewa. Watanni muna kallonsa a wuya da damtse muna cewa aikin gidanmu ne. Na ce wa ya yi maka? Ya sauke rigarsa, ya ce faɗuwa ya yi.

Washegari Alhamis ce, babu makarantar allo. Na ga ya saɓi kaya ya fita, na ga bai bi hanyar masu bugu ba, ya karya ta lungun wani kango da ruwa ya rushe shekarun baya. Na ɗauki faifan kuɓewa na shiga gidan wata ƙawata, na ce a ba ni aron saman soro in yi shanya. Gwiwoyina suna kuka na hau.

Daga can na hango su. Samari uku a kan rusasshiyar katanga, duk na san gidajensu, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka. A ƙasa ƙananan yara sun yi da'ira. Mai wayar yana rabon aiki: kai ne akta, kai ne bos. Daga baya aka fahimtar da ni, akta shi ne gwanin da ke yin nasara, bos kuwa mugun da dole a lallasa a ƙarshe. Aka nuna jikana aka ce shi ne bos. Ya ajiye ƙyallayen ubansa a gefe, a kan dutse don kada su yi ƙura, ya shiga tsakiya. In dukan bai yi kyau a waya ba, sai a ce a sake.

Ban yi ihu ba. Na kira mai wayar da sunan uwarsa, na ce ya ɗago ya dube ni, ni na yanke masa cibiya. Kafin in rufe baki kangon ya zama wayam, sai jikana tsaye shi kaɗai.

A ɗaki na ba shi fura, na jira har ya shanye. Na ce, Maigida, me ya hana ka faɗa? Ya ce sun ce in ya faɗa za su tura hoton ga kowa, duk unguwa ta ga yana kuka. Na ce to ƙaninka fa, me ya yi maka? Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Iya, a gida ne kawai nake zama akta."

Safiyar Juma'a an ɗaure kayansa a jakar bakko an ajiye a zaure. Ɗana ya shigo yi mini sallama. Na sa yaron ya tsaya a tsakar gida, na tuɓe masa riga, na miƙa wa uban jiƙaƙƙen soso.

"Iya, mene ne haka? Mota na jira."

"Ta jira. Kai ɗan marini ne. Wanke masa shunin nan tukuna."

Tun da aka haifi yaron ban taɓa ganin hannun uban a jikinsa ba. Ya tsaya, ya dubi ƙofar ɗakin matarsa, sannan ya sunkuya ya goga kafaɗar. Ya dubi soson. Ya sake gogawa a hankali. Na ba shi labarin kango daga farko har ƙarshe, shi kuwa bai ɗauke hannunsa daga bayan yaron ba. Da na gama, ya miƙe ya je zaure, ya dawo da jakar ya ajiye a ɗakina, ya sa takalmi ya nufi gidan mai unguwa.

Uwar ta fito ta shige madafa. Can sai ga ta da ruwan zafi a kwano da tsumma. Na miƙa hannu in karɓa kamar kullum, ta ƙi saki. Ita ta gasa masa bayan da kanta, fuskarta a juye.

An toshe bakin kangon da bulo, iyayen samarin sun zo ban haƙuri, an ce an goge abin da ke cikin wayar. An ce. Ni ban ga inda ake goge abu a cikin ƙarfe ba. Yaron bai daina kai hannu rana ɗaya ba, amma ya rage, ya rage, har ya koma ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe.

Har yau ni da ɗana ba mu daidaita ba. Shi ya ce duk da haka fim ne, don a can samarin suka koyo. Na ce mu ma a zamaninmu an yi dambe an yi langa, an fasa baki, amma babu wanda ya riƙe kukan yaro a aljihu yana yi masa barazana da shi. Ya ce to ai maganarsa ke nan. Na ce ba ita ba ce. Akwatin dai ya dawo da Babbar Sallah, kuma in an kunna shi ina nan zaune kusa, ba shi nake kallo ba, fuskokin yaran nake kallo. Duk jikan da ya shigo mini da baƙi a wuya kuwa, sai na kira shi, na tofa yawu a babban yatsa na murza wajen, na ga abin da zai fita.